Kan keken Baba

Kwana biyar kenan da na miƙa zanen nan a makaranta amma har yau akwai jan ƙasa maƙale a farcena, kuma gaskiya ban matsu ya fita ba. Tunda na ɗora hotonsa a status mutane ke ta tambayata wai me yasa keken ɗinki, me yasa ya ƙone, ina mutumin da ya kamata ace yana zaune a wurin, to bari in faɗi labarin gaba ɗaya sau ɗaya, don amsawa ɗaya bayan ɗaya yana min nauyi a zuciya.

Ina aji uku ne a jami'a nan Jos, ɓangaren zane. Farkon zangon nan malaminmu na fenti ya bamu aiki, yace kowa ya zana abin da ya shafe shi shi kaɗai, abin da in wani ya zana ba zai fito daidai ba, girman ƙafa uku da huɗu, sati takwas. Ya ƙara da cewa bai son ganin duwatsun Shere ko 'yar Fulani da ƙwarya a ka don duk shekara su ake kawo masa. Ni tun kafin ya rufe baki na san Baba zan zana.

Baba tela ne, Allah Ya jiƙansa, bana shekara biyu da rasuwarsa. Hoto ɗaya tak muke da shi mai kyau, fasfo ɗin da ya ɗauka don katin zaɓe, shi na sa a gaba na ja layuka a kai na dinga kwafa gida-gida, sati biyu cur ina kan fuskar nan. Duk wanda ya wuce ta bayana a sitidiyo ya kalli fasfo ɗin ya kalli zanen sai yace kai sun yi kama sosai, ni kuma in na ja baya na kalla sai inji wani baƙo nake gani. Baba bai taɓa zama ya miƙe wuya ya ƙura wa mutum ido baki a rufe ba. Kullum kansa a sunkuye yake, tef a wuya, guntun zare a leɓe, yana maka magana ba tare da ya ɗago ba.

Da na nuna wa Umma a waya ta daɗe tana kallo sannan ta miƙo min tace Allah Ya jiƙan rai, ta tashi ta shiga kicin. Sai da daddare muna kwance tace, "'Yar nan, hoton mai rai kike zanawa kuma na mamaci, ni dai raina bai kwanta ba." Duk Musulmin da ke karatun zane ya san wannan maganar, muna yinta tsakaninmu kullum, kuma ni ba malama bace balle in ba wani fatawa. Abin da zan iya cewa kawai shi ne maganarta ta zo ta tarar da wani rashin kwanciyar rai da dama yake cikina. Washegari na juya zanen ya kalli bango, kusan sati ban taɓa buroshi ba.

Sanyi ne ya kai ni ga keken. Wanda ya san Jos a watan Disamba ya san yadda ake neman bargo da asuba, Umma ta aike ni in jawo akwatin barguna a ƙarƙashin gadonta, ina jawowa sai hannuna ya bugi wani abu mai nauyi a cikin tsohon buhun shinkafa. Na san da shi, tun muna yara ake hana mu wasa da shi, amma ban taɓa zama na kalle shi da ido na mai zane ba sai ranar. Kan keke ne Butterfly, ƙonanne.

Shagon Baba na farko a cikin babbar kasuwar Taminus yake, wadda a lokacin ake lissafa ta cikin manyan kasuwannin Afirka ta Yamma. A watan Fabrairun 2002 ta kama da wuta, wata biyar kacal bayan rikicin Satumbar 2001, mutane basu gama farfaɗowa daga wancan ba wannan ya faɗo, kuma saura kwanaki kaɗan babbar sallah, duk wanda ya tashi a gidan tela ya san me hakan ke nufi, shago cike da shaddodi da yaduddukan mutane, wasu an yanka wasu an haɗa saura aiki a wuya. Ni ba a haife ni ba ma lokacin. Umma tace ya fita da asuba da labarin ya iso, bai dawo ba sai bayan la'asar, ya shigo da kan keken a kafaɗa, teburin katakon ya cinye, ya ajiye shi a tsakar gida ya ɗauki buta ya yi alwala bai ce wa kowa komai ba. Wasu masu kaya sun yafe, wasu ya biya su kaɗan-kaɗan har na tsawon shekaru, ya karɓi wani keken bashi ya koma ɗinki a zauren gida, a nan na tashi na ganshi, a gindin fedarsa na yi aikin gida na firamare. Amma wancan kan keken ko masu gwangwan sun zo suna taya shi bai taɓa sayarwa ba.

Ni da Yaya muka ɗora shi a keke napep zuwa makaranta, ƙarfe ne zalla mai shegen nauyi. Na ajiye shi kusa da taga na yi kwana huɗu ina zana shi da gawayi a takarda, ta gaba ta baya ta sama, har sai da hannuna ya haddace lanƙwasar wuyansa. In ka kalle shi daga nesa baƙi ne kawai. In ka matso kuwa akwai jan tsatsa, akwai wani wuri da ya koma shuɗi-shuɗi kamar wuyan tattabara, akwai inda fentin ya kumbura ya fashe, sannan can gefe ragowar adon ruwan gwal ɗan mitsitsi da wutar ta tsallake. Wilin hannun kuma gefe ɗaya ya fi santsi, inda tafin hannunsa ke sauka in zai tada keken.

Matsalar da na fara ci karo da ita kala ce. Duk ruwan ƙasan da na matso daga tub sai ya fito tsaf-tsaf kamar sabon kwano, babu ƙuna a cikinsa. Da na kai wa malam kuka bai bani amsa kai tsaye ba, sai ya tuna min da ɗaliban Zariya na 1958, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya, waɗanda suka ƙi tsayawa kan abin da Turawa ke koya musu kaɗai suka koma suka ɗebo na gida, kamar yadda Okeke ya ɗauko zanen uli na Ibo. Yace in je gidan tarihin Jos in zauna gaban kawunan Nok, tsofaffin kawunan mutum-mutumi na gasasshen yumɓu. Na sha zuwa wurin tun muna sakandare, na san an buɗe shi a 1952, na san masu haƙar kuza ne suka fara tono irin waɗannan kawunan a 1928, amma wannan karon kalar nake kallo, yumɓun da ya shiga wuta ya fito, kuma ita ce kalar da nake nema. A hanyar dawowa ne na tuna ai kakanmu ma mahaifin Baba aikin kuza ne ya kawo shi Bukuru daga ƙasar Kano.

Ranar Asabar Yaya ya raka ni bakin ɗaya daga cikin tafkunan da haƙar kuza ta bari a bayan Bukuru, muka ciko leda biyu da jan ƙasa. Na shanya, na daka a turmi, na tankaɗe da rariya, na jiƙa a bokiti na motsa, tsakuwa da yashi suka kwanta, na tsiyaye ruwan saman mai laushi a wani kwano na barshi ya kwana, da safe sai ga wani jan laka mai santsi kamar kullun koko. Baƙin kuma tawadar allo na yi amfani da ita, ta gawayi da ƙaro, wadda malamin makarantar allon unguwarmu ke haɗawa, abokin Baba ne, da na faɗa masa abin da zan yi da ita ya cika min kwalba ya ƙi karɓar ko sisi. Har tsatsar jikin keken na kankaro da cokali na zuba a ciki. Yadin akoko ne kafinta ya ɗaure min a firam, na shafe shi da farin fentin gida haɗe da gam na Top Bond sau uku ina gogewa da sanfefa a tsakani.

Sai dai shafin farko ya ci amanata. Da ƙaro na kwaɓa jan ƙasar kuma ban sa da yawa ba, na shafa da kauri, ga iskar hunturu, kafin safiya duk ya tsage yana ɓarewa kamar busasshen lalle, ina taɓawa yana zuba ƙasa. Aikin kwana uku. Na zauna a ƙasan sitidiyo na yi kuka sosai, kuma na san ba fentin kaɗai nake wa kukan ba. Da na natsu na yanko kwali na yi gwaji layi-layi, wannan cokali ɗaya na gam wannan biyu wannan uku, na gano sai an sa gam isasshe an tsinka da ruwa, a shafa siriri a bari ya bushe a sake, kamar sau shida kafin kalar ta zauna. Wani lungu ta ƙasa inda tsagewar ta kama bata zube ba na barshi yadda yake, na bi shi da gam kawai.

Akwai buhun ƙyallayen Baba da Umma ke cusa filo da su. Na zazzage shi a tabarma ina zaɓa, kawai sai ga guntun atamfar sallata ta aji huɗu na firamare, koriya mai zanen ganye, na tuna har yadda ya sa ni na tsaya a kan benci yana auna tsayin siket ɗin. Na jera ƙyallayen na liƙa su a jikin zanen a ƙarƙashin allura, dogon layi ɗaya kamar ana cikin ɗinka su, shadda, atamfa, yadin makaranta, har ya zubo ƙasan firam. Bayan keken kuma inda ya kamata mutum ya zauna ban zana kowa ba, na dai rage duhu a wurin kaɗan, hasken yana shigowa ta hagu yadda yake shigowa ta ƙofar zaurenmu da hantsi.

A sati na shida ake duba aikin kowa a gaban aji. Malam yace bayan zanen ya yi fili da yawa ta dama, gaskiyarsa ne kuma na gyara. Bayan an watse wata 'yar ajinmu, Birom ce, wadda gaisuwa kawai ke haɗa mu, ta zo ta tsaya kusa da ni tace mamanta ma shagon kwanuka gare ta a Taminus, har yau akwai wasu tasoshi da suka narke suka manne da juna a ɗakinta. Mun daɗe a tsaye a wurin. Shi yasa nake jin ciwo in naga 'yan uwana ɗalibai na kwafo zane daga shafin hotuna na Pinterest alhali gidajenmu a garin nan cike suke da irin waɗannan kayan a ƙarƙashin gado.

Ana gobe za a miƙa na roƙi Umma ta zo ta gani, tace me zata je yi a jami'a, Yaya ya lallaɓa ta. Ta shigo da hijabinta ruwan toka tana ɗari-ɗari da ɗalibai, ta tsaya gaban zanen, ni ina bayanta zuciyata na bugawa. Ta kai hannu ta shafa koriyar atamfar. Can sai tace, "Zaren nan ba daidai yake ba."

Da farin fenti na ja zaren, daga saman keken kai tsaye zuwa allura, tunda ƙonannen keken ba zare a jikinsa balle in gani. Ta sa yatsa ta nuna min, sai ya bi ta nan tukuna, ya sauko ya zagaya wannan, ya koma sama ya ratsa ɗan hannun nan mai hawa da sauka, sannan ya gangaro allura, in ba haka ba keke ba zai kama ɗinki ba. Nace Umma ina kika san wannan, ke da ban taɓa ganinki a kan keke ba. Tace, "Shekara huɗun ƙarshe da idon Babanku ya yi rauni wa kike zaton yake saka masa zare? Kullum bayan asuba kafin ku tashi."

Wallahi ban sani ba. A gidan nake kwana a gidan nake tashi ban sani ba.

Na goge nawa da jiƙaƙƙen tsumma da sauran jan ƙasa, Yaya ya fita bakin get ya siyo farin zare, na miƙa mata. Ita ta ɗora shi a jikin zanen tana bi a hankali ta duk inda ya kamata, ni ina binta da gam a kan tsinken ashana, da ta iso wurin allurar sai da ta laso bakin zaren ta murza shi da yatsa kafin ta ajiye.

Zanen yana makaranta sai an gama bada maki. Kan keken mun dawo da shi gida a daren, na ɗauko buhun zan mayar tace a'a in barshi, ta goge saman kabet da gefen zaninta tace in ɗora shi a nan.