Asabar: na hana a yi feshi a lambu

Tun bayan sallar asuba muke bayan gida ni da Baba mai kula mana da lambu. Ya zo da jarkar maganin ciyawa zai feshe ƙarƙashin rumfar inabin da na samo dashensa daga garin Kudan na jihar Kaduna, na ce, "Baba, don Allah a ajiye wannan tukuna." Ya dube ni ya ce, "Alhaji, ciyawa fa za ta cinye mana taki." Da gaskiyarsa, shi ya sa na ce mu cire ta da hannu, mu shuka wake a tsakanin layukan. Wake yana rufe ƙasa, rana ba ta ƙona ta, saiwarsa kuma tana ƙara mata ƙarfi.

A wajen wasu manoman inabi na ƙasashen waje na ɗauko wannan dabara. Akwai wata gona a Afirka ta Kudu, Vergenoegd, inda ake sakin ɗaruruwan agwagi su bi layi-layi suna tsince dodon-koɗi da ƙwari, kashinsu kuma ya zama taki. A kwarin Napa na Kalifoniya kuwa, akwatin katako suke kafawa a kan dogon ƙarfe don mujiya ta yi sheƙa, ita kuma ta kwana tana kama musu ɓeraye. Su giya suke yi da inabinsu, wannan ba hanyarmu ba ce, amma yadda suke riƙon ƙasa ya burge ni matuƙa.

Da na kawo zancen mujiya wajen cin abincin rana, Hajiya ta ajiye cokali ta ce ba dai a gidan nan ba. Ban ja da ita ba, uwa ce. Sai dai abin yana damuna: tsuntsuwar da ke rage mana ɓera ita muke jifa, sannan mu sayo shinkafar ɓera mu barbaɗa inda kaji da yara ke yawo.

Da la'asar muka binne tsohon kasko a gindin zogale, bakinsa daidai da ƙasa, muka jera tsakuwa a ciki don kudan zuma ya samu wurin sauka kada ya nutse. Kullum za a sauya ruwan saboda sauro. Busassun rassan da Baba ya tara zai cinna wa wuta, na roƙe shi ya bar su a kusurwar katanga, ko bushiya da ƙadangaru za su samu mafaka. Ya ce maciji ma zai samu. A nan ya fi ni hujja, don haka muka matsar da tarin can ƙarshen fili, nesa da inda yara ke wasa.

Gobe in Allah ya kai mu zan leƙa kasuwa neman zabbi biyu da irin lalle na shinge.