Landan zuwa New York: nisa ɗaya, amma zuwa ya fi dawowa tsawo

Tsakanin filin jirgin Heathrow na Landan da na JFK a New York kimanin kilomita 5,550 ne. Babban jirgin fasinja na gudun kilomita 900 a awa, don haka lissafin takarda zai ba ka awa shida da 'yan mintuna. Da wannan lissafin na tsara sauya jirgi a New York, kuma har yau idan na tuna raina yakan ɓaci.

Zuwa yamma tafiyar ta kusa awa takwas, dawowa kuwa kusan bakwai. Dalili shi ne wata iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas a can sama, daidai inda jirage ke bi, kuma da hunturu takan wuce kilomita 200 a awa. Mai zuwa Amurka yana karo da ita, mai komawa Ingila ita ke tura shi. A Fabrairun 2020, lokacin guguwar Ciara, wani jirgin British Airways ya taso daga New York ya sauka Landan cikin awa 4 da minti 56. Iskar da ta yi masa wannan gata ita ce ke cinye lokacin masu tafiya yamma.

Lokutan da ke kan tikiti na agogon kowane gari ne. Tashi ƙarfe 10 na safe, sauka ƙarfe 1 na rana, ba awa uku ba ne, takwas ne, domin Landan na gaban New York da awa biyar. Sai dai a wasu makonni na Maris tazarar kan koma huɗu, saboda ƙasashen biyu kan tura agogonsu gaba da awa ɗaya a watan, kuma Amurka na riga Birtaniya yin hakan.

Inda abin ya fi ciwo shi ne bayan sauka. A Amurka, garin da ka fara sauka nan za ka bi layin jami'an shige da fice, ka ɗauki akwatinka, ka wuce kwastam, ka sake miƙa kayan, a sake bincike ka, wataƙila ma sai ka hau ƙaramin jirgin ƙasa zuwa wani ɓangaren filin. Awa biyun da na bari tsakanin jiragen, iska ta ci wani sashe, layi ya cinye sauran. Ga shi tikiti biyu ne daban daga kamfanoni biyu, don haka babu wanda ya ɗauki alhaki, sabon tikiti na saya.

Yanzu tazarar da nake bari tsakanin jirage ba ta gaza awa uku idan tikiti ɗaya ne, huɗu idan daban ne, da hunturu kuma nakan ƙara. Kafin in biya kuɗi nakan duba lambar jirgin a Flightradar24, shafin da ke bin diddigin jirage, in ga lokacin da ya riƙa sauka a kwanakin baya, domin wannan ya fi min abin da aka buga a tikiti.