Na gamu da malaminmu na zane a Wunti

Jiya da la'asar na shiga kasuwar Wunti da ke garin Bauchi, sai na hango wani dattijo a kan tsani yana rubuta allon shago. Tun daga yadda ya riƙe burushi na gane shi. Malaminmu na zane ne a sakandare.

Na durƙusa na gaishe shi. Ya sauko, yatsunsa duk shuɗin fenti, ya ƙi ba ni hannu don kada ya ɓata min riga. Na ce, "Ranka ya daɗe, ka yi ritaya ne?" Ya ce, "Ina fa, ɗana. Ina koyarwa a wata makarantar kuɗi, amma albashin bai kai rabin naira dubu 70 da aka yanke a 2024 a matsayin mafi ƙarancin albashi ba. Kwali da kala ma daga aljihuna nake saya wa yara."

Wallahi raina ya ɓaci. Mutumin nan shi ya kai mu Geji muka ga zanen dabbobi na mutanen da a jikin dutse. Shi ya riƙe hannuna ina zana dagi har hannun ya faɗa. Yau da wannan nake ci, katin biki da tambarin shaguna nake zanawa a kwamfuta, da shi na aurar da ƙannena biyu.

Masu makarantu, don Allah ku biya malamin zane daidai da na lissafi, ku kuma saya masa kayan aiki. Ni dai ranar Asabar zan kai masa fenti gida, in roƙe shi ya riƙa koya wa 'yata, ni zan biya.