Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Daga Jita Zuwa Goge

A makon jiya na tsaya ne a ranar da aka gama haɗa mini goge na karɓo shi. Yau zan ba ku labarin watannin farko na koyo, waɗanda ban taɓa shan wuyar kiɗa irin tasu ba, duk da shekarun da na kwashe ina kaɗa jita a gaban jama'a.

Jita tsirkiya 6 gare ta, kuma an jera ƙarafa a wuyanta. Duk inda ka danna, sautin da aka ajiye a wurin shi zai fito, gwani ne kai ko ɗan koyo. Shi kuwa goge tsirkiyarsa ɗaya ce tal, ta gashin wutsiyar doki, an ɗora ta kan jaki, wato ɗan iccen da ke tallafe ta, bisa ƙoƙon da aka rufe da fatar guza. Ba ƙarfe, ba alama. Ba a ma danne tsirkiyar har ta kai ga sanda, taɓa ta ake yi sama-sama da cikin yatsa. Yatsuna da suka yi kanta wajen dannawa da ƙarfi sai su shaƙe sautin tun bai fito ba. Dattijon da ke koya mini, wanda nake kira Baba, yakan kama hannuna ya ce, "Ɗana, sassauta, ba kokawa kuke yi ba."

Amma inda abin ya fi ci mini rai shi ne kunne. Yaron da ya fara koyo bai san ya kauce ba, yana ta gogawa cikin farin ciki. Ni kuwa ko da yatsana ya goce kaɗan sai na ji, na kuma san sautin da ya kamata ya fito, hannun ne ya ƙi kai ni can. Akwai ranakun da nakan rataye gogen in ɗauko jita, don kawai in ji abin da ke cikin kaina ya fito daidai. Da na kai kukana wurin Baba, sai ya ce kunnen nan shi ne jarina, domin wasu sai sun shekara kafin su fara jin abin da nake ji. Gaskiyarsa, kunnen da ke hana ni sakewa shi ne ya riƙa mayar da yatsana mazauninsa.

Sai hannun dama. A jita ka kaɗa ka saki, sautin ya tafi ya mutu da kansa. A goge kuwa yana nan da rai muddin izga, wato ɗan bakan da ake goga tsirkiyar da shi, na tafiya, kuma nauyin hannunka da saurinsa da yawan ƙaron da ka shafa duk suna cikinsa. Baba ya sa na daɗe ina goga tsirkiya zalla, hannun hagu na hutawa. Bayan haka ya hana ni taɓa gogen sai na rera baitin da bakina tukuna, sannan in nemo shi. A nan na fara ƙaunar abin nan da gaske, domin goge na iya zamewa tsakanin sauti da sauti, ya hau ya sauka yadda maganarmu ke yi, har mai saurare ya gane kalmar ba tare da an furta ta ba.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, zan ba ku labarin ranar da Baba ya fara zaunar da ni tare da masu kiɗan ƙwarya.