Shirin nutso a Maldibis: iska, wata da ranar da ba a ɗaukar tukunya

Kafin otal, kafin tikiti, iska nake fara dubawa. Maldibis tsibirai ne wajen 1,190 a Tekun Indiya, sun jeru daga arewa zuwa kudu cikin zobba 26 na murjani, kuma iska biyu ke rabon shekara a can. Daga Disamba zuwa Afrilu ta arewa maso gabas ke kaɗawa: sama garau, teku kwance, ruwa tas. Daga Mayu zuwa Nuwamba sai ta juyo daga kudu maso yamma, da hadari da ruwan sama da toroƙo. Mai neman hoto ba ya buƙatar shawara, lokacin farko zai ɗauka. Mai nutso kuwa sai ya ƙara lissafi, domin iskar ce ke tura ruwa ta cikin zobban, ruwan ya kwashi ƙananan halittun da kifin manta ke ci ya tara su a gefen da yake fita. Lokacin iskar arewa maso gabas manta suna yammacin zobe, in ta juya su koma gabas. Ka sauka a gefen da ba nasu ba, sai ka ƙare hutunka kana jin labarinsu a bakin jagora.

Da ƙanina za mu tafi, kuma a nan muka fara saɓawa. Janairu yake so, yana kuma so ya ga dandazon manta a Hanifaru. Na ce masa ya zaɓi ɗaya.

"Haba Yaya, ba tekun ɗaya ba ne?"

Ɗaya ne, amma Hanifaru wani ɗan lungu ne a gabashin zoben Baa, kuma ba ya cika sai iskar kudu maso yamma ta cusa masa abinci, wato tsakanin Mayu da Nuwamba. A cikin waɗannan watanni ma an fi dacewa a kwanakin cikar wata da na tsayuwar sabo, lokacin da tudu da janyewar teku suka fi ƙarfi. Tun 2009 wurin yake ƙarƙashin kariya, a 2011 kuma UNESCO ta sa zoben Baa cikin wuraren da take kula da halittunsu. Abin da ya ƙara ɓata masa rai shi ne an hana shiga da tukunyar iska. Tabarau da bututun numfashi kawai, kana kwance a saman ruwa, masu gadi na ƙidaya mutane da lokaci. Ni dokar ta yi mini daidai. Lungun ƙarami ne, in aka zuba masa masu tukwane da kumfarsu, kifin da aka zo gani shi zai fara barin wurin.

Mun tsaya a kan ƙarshen lokacin damina. Za mu yi asarar ruwan nan mai kama da gilashi, wata rana ma jirgi ba zai fita ba, na yarda da wannan cinikin.

Magana ta biyu ita ce katinsa na shaidar koyon nutso. Na matakin farko ke hannunsa, wanda ya tsaya a mita 18. A wurare da yawa wannan ya isa, amma abin da ke kai mutane Maldibis yana cikin kandu, mashigan da ruwan teku ke bi ya shiga zobe. Dhoni, jirgin ruwan mutanen can, zai kai ku baki, jagora ya faɗa ruwa shi kaɗai ya duba inda ruwa ya nufa, ya hau ya ce a sauka da sauri, ba tsayawa a sama. Kana faɗawa ka sace iskar rigarka ta nutso, wadda ake hurawa don ta ɗaga mutum, kai a ƙasa, har ka iso gaɓar da ke wajen mita 25 zuwa 30. A nan za ka maƙala ƙugiya a jikin mataccen dutse, ka ɗan hura wa riga iska, ka saki hannu. Ruwa na dukan fuskarka. Kumfar numfashinka ba ta tashi sama, a kwance take wucewa ta bayan kunne, in ka juya kai gefe tabarau ya nemi ficewa. Ku jeru kamar shanya ranar iska, shak masu ruwan toka suna kai da komo a gabanku, ko a jikinsu. Wanda bai iya daidaita jikinsa a ruwan da ke tsaye ba, ba shi da abin yi a nan. Saboda haka zai yi darasin mataki na biyu, nutso biyar ne, ya samu izinin mita 30, kuma na fi so ya gama shi a wuri mai sauƙi kafin ya ga kandu. Mita 30 ɗin ita ce kuma iyakar da dokar ƙasar ta sa wa mai nutson shaƙatawa, komai yawan katunansa.

Zurfi yana cin abu biyu, iska da lokaci. Kowace mita 10 tana ƙara matsi ɗaya irin na saman ruwa, to a mita 30 matsin ya ninka na sama sau huɗu, tukunyar iskar kuma sau huɗu take saurin ƙarewa. Sai naitirojin da ke shiga jiki. A jadawalin PADI, ƙungiyar koyar da nutso, mutum na da minti 56 a mita 18 kafin naitirojin ya wuce iyaka, a mita 30 kuwa minti 20 kacal. Iskar naitiros mai oksijin kashi 32 cikin ɗari tana kai wannan zuwa minti 30, shi ya sa nake ganin ɗan gajeren darasinta ya fi kowane sabon kaya da mutum zai saya amfani a irin wannan tafiya, inda ake shiga ruwa sau biyu ko uku kullum.

Wannan naitirojin ɗin shi ya tsara mana jerin tafiyar gaba ɗaya. Shawarar DAN, ƙungiyar kula da lafiyar masu nutso, ita ce a jira aƙalla awa 12 bayan nutso ɗaya kafin a hau jirgin sama, awa 18 bayan nutso da yawa ko na kwanaki a jere, cibiyoyin nutso na can kuma galibi awa 24 suke cewa. Kowa yana tunawa da wannan game da jirgin komawa gida. Wanda ake mantawa shi ne ƙaramin jirgin cikin gida, alhali jini bai san bambancin ba. Muna son wuri biyu: kudancin zoben Ari, inda ake samun ƙaton shak ɗin nan mai ɗige-ɗige duk shekara, wanda a watannin iskar kudu maso yamma ya fi zama wajen Dhigurah, sai kuma Baa. Kowane tsallake ta sama rana guda yake cinyewa. Sai na jera su haka: daga Male, babban birnin ƙasar, mu bi ruwa zuwa Dhigurah, mu yi nutso mai zurfi a can, mu dawo Male ta ruwa. Ranar dawowar ita ce ranar hutun jiki, ba a yi asararta ba. Sannan mu hau jirgi zuwa Dharavandhoo, wanda ke da filin jirgi kuma yake dab da Hanifaru. Ranar ƙarshe, da dole ba a ɗaukar tukunya, ita ce ta Hanifaru, tunda can ma dama ba a shiga da ita. Sharaɗi ɗaya, a tsaya a sama, kada a riƙe numfashi a bi manta ƙasa.

Masauki bai ɗauke ni lokaci ba. Tun 2009 aka ba mazauna tsibirai damar buɗe gidajen baƙi, kuma wanda zai wuni a jirgi ya dawo a gajiye gado mai tsafta da wurin shanya kaya yake buƙata. Ɗakin da ke tsaye a kan ruwa na bar wa amare. Abin lura kawai shi ne jirgin fito na gwamnati ba ya aiki ranar Juma'a, jirgin sama mai sauka a kan ruwa kuma ba ya tashi bayan faɗuwar rana, don haka wanda ya iso Male da yamma ya shirya kwana a nan.

Inshora kuwa sai an karanta ƙananan rubutun. Ta tafiye-tafiye ta gama-gari sau da yawa ba ta ɗaukar nutso, ko ta tsaya a mita 18. Akwai ɗakin matsin iska na jinyar masu nutso a Bandos da Kuramathi, amma kai mara lafiya can daga wani zoben shi kansa kuɗi ne mai ciwo. Takardar lafiya ma a cike ta da gaskiya tun daga gida: asma, ciwon zuciya, matsalar kunne, duk sai likita ya sa hannu. Mura kaɗai ta isa ta hana mutum sauka, tunda kunne ba zai buɗe ba.

Na kuma gaya wa ƙanina ya rage buri game da launi. Zafin teku na 1998 da na 2016 ya kashe murjani mai yawa a wuraren da ba su da zurfi, farfaɗowar kuma ba ɗaya ba ce daga wuri zuwa wuri. Ko inda yake da rai, ruwa na shanye jan launi tun daga 'yan mitocin farko. Ƙaramar tocila a aljihun riga ke dawo da shi, musamman a ƙarƙashin rumfunan dutse na thila, wato tudun murjani da ke ƙarƙashin ruwa.

Na aika wa cibiyoyi tambayoyi iri ɗaya: mutum nawa ke bin jagora ɗaya, akwai oksijin na gaggawa a cikin jirgi, suna ba kowa kwamfutar hannu da balan-balan ɗin alama ko sai ka zo da naka, me suke yi da sabon mai nutso ranar da ruwa ya yi ƙarfi. Wasu farashi kawai suka turo. Ɗaya ta amsa cewa nutson farko na gwaji ne a wuri mai sauƙi, kuma jagora na da ikon hana kowa shiga kandu ko da ya biya. Ita na tura wa kuɗin kafin alƙalami.