Yadda na gane cimar da zaren naman kaza yake bukata

A ɗan ɗakin gwaje-gwajen makarantar da nake koyar da darasin noma, a wani ƙauye kusa da Ringim, na fara renon zaren naman kaza, wato farin zaren nan mai kama da auduga wanda naman kazar da ake ci yake tohowa daga jikinsa. Naman kaza nau'in Pleurotus na samu, na tsaga shi, na yanko 'yar tsoka daga ciki da wuƙar da na gasa a wuta, na ɗora a kan farantin gilashi.

Da yake wannan halitta ba ta da koren sinadarin da ganye yake sarrafa hasken rana da shi, duk abin da za ta ci sai an zuba mata. Na dafa giram 200 na dankalin Turawa a lita 1 ta ruwa, na tace, na zuba giram 20 na sukarin gulukos da giram 20 na aga, sannan na turara haɗin a tukunyar matsin tururi na minti 15 a ma'aunin zafi 121. Shi aga ba abinci ba ne, daga ciyawar teku ake samo shi domin ya daskarar da ruwan kawai.

Ganin zaren yana tafiyar hawainiya, sai zumuɗi ya sa na ninka gulukos sau huɗu, ina zaton kamar kiwon rago ne, iya ci iya ƙiba. Ai kuwa zaren ya tsuke a tsakiyar faranti, domin zaƙi idan ya yi yawa, hana shi zuƙar ruwa yake yi. Ashe abin da ya ƙaranta shi ne naitirojin, wanda yake gina furotin da shi, da bitamin B1, da ma'adinai irin su fosfaras da fotashiyam. Da na koma giram 20, na ƙara giram 2 na garin yis, sai ga zaren ya yi kauri, fari tas, yana bin gefen gilashin kamar raɓa.

A kwalaben dawa ma, inda nake mayar da shi domin ya zama iri, na sake yin irin wannan ganganci. Na cika dusa saboda naitirojin ɗinta, sai koriyar funfuna ta Trichoderma ta riga zaren cinyewa, na zubar da kwalba bakwai.

Zafin watan Afrilu kuwa nasa daban ne, tunda zaren ya fi son ma'aunin 25 zuwa 28, mu kuma muna haura 40. Dabarar tukunya cikin tukunya ta Mohammed Bah Abba, malamin da ya koyar a Dutse, wadda ake zuba jiƙaƙƙen yashi tsakanin tukwanen biyu domin a sanyaya abin da ke ciki, ita na ara, kuma har yanzu ɗalibaina ne suke jiƙa yashin safe da yamma.