Kada kaya su hau mota kafin kuɗi su shiga hannu

Ƴan uwa matasa masu sayar da albasar Galmi, ko dabbobi, ko salula a kasuwar Tawa, mafi yawan asarar da mu na gaba muka yi ta zo ne daga takarda mai kyau da hatimi. Baƙo ya yi ciniki ba gardama, ya ce yana Kwatano ko Abijan, ya turo hoton resi ta WhatsApp mai ɗauke da sunan kamfanin aika kuɗi irin su Nita, Al Izza ko Amana, ya ce direba na tafe. Wannan hoton duk mai waya zai iya gyara shi.

Ko resin na gaske ne, kuɗin ba su zama naka ba tukuna. Muddin ba ka ɗauka ba, wanda ya aiko zai iya komawa ya soke aiken ya karɓi abinsa, alhali buhunanka sun wuce Ƙonni. Saboda haka ka ɗauki katin shaidarka, ka je gishe da ƙafarka, ka ba da lambar aiken, ka ƙirga kuɗin a gaban ma'aikaci, sannan a yi lodi. Idan daga ƙetare ne, lambar Western Union guda 10 ce, ta MoneyGram guda 8. Cikar lambobin ma ba hujja ba ce sai an biya ka.

Saƙon waya ya fi saurin ruɗar mutum. Na gaske yana zuwa da sunan kamfani, na jabu kuwa sau da yawa daga lambar mutum mai lambobi 8 yake fitowa, an kwafo kalmomin daidai. Bar saƙon, ka shiga asusunka na Airtel Money ko Moov Money da lambar sirrinka, ka ga ko abin da ke ciki ya ƙaru. Lambar sirrin nan ko ma'aikacin kamfani ba ya da hurumin tambayarta.

Shek da manda (takardar aiken kuɗi) su ne masu ciwo, don asararsu a makare take bayyana. Banki na iya rubuta kuɗin cikin asusunka da sharaɗin sai bankin mai shek ya biya. Bayan kwanaki takardar ta dawo, a cire kuɗin. Shi ya sa macuta ke son yammacin Juma'a da jajibirin salla. Ka tambayi bankinka ƙarara ko kuɗin sun tabbata, kuma kada ka kira lambar da ke jikin takardar, abokin macucin ne zai ɗauka.

Wanda ya ce ya yi kuskure ya turo jika 700 maimakon 500, ka maido masa 200, ka tsaya cak. Abin da ya turo ƙarya ne, jika 200 ɗinka kuwa na gaske ne, kuma in an ɗauke su sun tafi.

In abin ya riga ya faru, kada kunya ta sa ka goge komai. Ka adana saƙonni, lambar wayar, lambar motar da sunan direba, ka sanar da kamfanin aiken, ka kai ƙara kwamisariya ko wajen jandarma a ranar.